Majanyin Kaka Ya Tafi Jami'a

Liman na sallame sallar asuba muka fito daga gida, ni da ƙanwata, ɗiyata tana goye a bayana. Tun da na dawo matan ajinmu na yaƙi da jahilci ke tambayata yadda tafiyar Gummi ta kasance, ina ba kowa guntu-guntu, sai Malama ta ce in zauna in rubuta shi gaba ɗaya. To ga shi. Inda baƙi ya karkace ku yi haƙuri, hannun bai daɗe da sanin alƙalami ba.

Ƙanwar tawa ita ce autarmu, ita kaɗai ta yi nisa a boko har ta kai jami'a. Abin da take karantawa shi ne yadda ake adana tsofaffin kaya a gidan tarihi. Ranar da ta fara gaya mana, Inna ta ce da an turo malaman ɗakinta ai da ta koya musu kyauta. A shekarar ƙarshe an ce kowane ɗalibi ya kawo abu ɗaya daga garinsu, tare da labarinsa daga bakin mai shi, a ajiye a ɗakin tarihin jami'ar. Duk kayan duniyar nan, autarmu ba ta ga abin so ba sai majanyin da nake goyo da shi.

Saƙin hannu ne, baƙi da fari, da jan zare a bakinsa. Mahaifiyar Kakarmu ta kaɗa audugar ta saƙa shi. Yawo yake yi a dangi, duk wadda ta haihu sai a aika mata, kuma tun ina yarinya nake jin ana cewa ba a taɓa goya yaro da shi ya mutu ba. Lokacin da na haifi ɗana na fari majanyin yana Adabka wurin wata 'yar uwarmu. Ana yau za a kawo, gobe za a kawo, ƙyanda ta shigo unguwa ta tafi da yaron, ko rarrafe bai fara ba. Da na haifi wannan, tun kafin suna na sa aka karɓo shi. Surukata ta sa wa yarinyar laƙabin Ayashe, irin na ɗiyar da ta biyo bayan wanda ya rasu. Ni kuwa tun daga nan hannuna ya koyi wata ɗabi'a: ko ina tafiya, ko ina daka, sai in kai shi baya in taɓa, in ji tana numfashi.

Auta ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce abin da ya shiga ɗakin tarihi ba ya fitowa, ba za a sake goya kowa da shi ba. Na ce to ba da majanyina ba. Muka yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa mu, har Inna ta gaji ta ce, “Mai kaya tana da rai. Ku tahi ku ishe Kaka, abin da ta ce shi ke nan.” Kaka kuwa tana wani ƙauye a hayin gulbi, gaba da Gummi.

A tashar Anka muka samu wata tsohuwar fijo wadda ƙofarta sai da igiya take rufuwa. Kuɗin mota ya hau saboda wahalar mai, direba ya rantse a galan ya saya, fasinjoji suka rantse ƙarya yake, aka dai shiga. Ƙarshen damina ne, an yanke gero an jera dammuna a gonaki, dawa kuma ta sunkuyar da kai tana jiran lokacinta. Hanya duk ruwa ya cinye gefenta. Kowane rami muka faɗa sai in ɗora tafina a ƙirjin Ayashe da ke kan cinyata. Da na waiga sai na ga auta ita ma ta rungume jakarta, mai rikoda da kyamara a ciki, kowane rami sai ta shafa ta. Wata tsohuwa da ke gefenmu ta ce, “Ku biyu duk masu jego na, amma ɗiyar waccan ba ta kuka.” Mota ta ɗauki dariya. Mu biyu ne kawai muka yi kamar ba mu ji ba.

Hantsi ya ɗaga muka isa Bukkuyum, muka sauka gidan Gwaggonmu. A nan fatana yake. Gwaggo tana da wani tsohon akushi na kakanni, ta kuma yi wa auta alkawarinsa, ni kuwa ina ta addu'a a zuci ya burge ta, ta manta da bayana. Aka kawo mana hoce, gasasshiyar wainar dawa, da fura mai sanyi, nonon daga wata Bafulatana maƙwabciyarsu, irin wanda ludayi ke tsayawa a ciki. Muna gamawa Gwaggo ta shiga ɗaki ta fito da akushin a nannaɗe cikin sabon zane. Tana buɗewa muka ga abu kore shar, yana ƙyalli, yana warin fenti.

“Gwaggo, me aka yi masa?” in ji auta.

“Gyara. Ke da za ki kai shi gaban manyan malamai, in bar ki ki tahi da shi baƙi ƙirin awa gindin tukunya? A ce gidanmu ƙazamai na? Mai fentin ƙyamare na ba, har ciki ya shafe.”

Auta ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta durƙusa ta yi godiya kamar an ba ta saniya. Sai da muka fito hanya ta ce mini baƙin nan da Gwaggo ke jin kunyarsa, da wurin da hannuwa suka cinye a bakin akushin, su ne abin da ake karantawa. “Kamar a gama rubutu a allo ne, Yaya, a zo a wanke don ya yi kyau.” Na yi dariya har da hawaye, ina tuna fuskar Gwaggo. Can sai na farga. Akushi ya tashi daga aiki, saura abin da ke bayana.

Daga Bukkuyum a-kori-kura muka samu, mu da buhunan gero da wani rago da ya ƙi jinin kowa. Bayan azahar muka shiga Gummi. Ban taɓa ganin ƙorai da yawa haka ba, an tula su kamar duwatsu, manya da ƙanana, wasu farare wasu da zanen wuta. Ga warin kifi banda, ga sabuwar shinkafa ana shanya. Komai ya fi na Anka araha sai ruwan sha. Auta ta tsaya wurin wani tsoho mai ɗinke fasassun ƙorai tana ta tambayarsa, har sai da na ce mata rana fa ba ta jiran 'yan boko.

Ni da ruwa ba ma shiri. Da muka isa bakin gulbi na ga jirgin da za mu shiga, ɗan kwalekwale ne, ga keke a ciki, ga mata da tallarsu. Na ƙara tamke majanyin, na zauna a tsakiya, na riƙe katako da hannu ɗaya, ɗayan yana baya. Duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa. Ruwan kuwa lafiya lau, jaja-jaja, yana tafiya abinsa, yara na wanka a gefe.

A wajen sauka abin ya faru. Na ɗaga ƙafa zan tsallake bakin jirgi, zanen goyon ya sassauta, nauyin yarinya duka ya koma kan majanyi. Sai na ji kyat a bayana, na ji nauyi ya bar ni. Kafin in yi ihu auta da ke biye da ni ta yi jifa da jakar nan da ta yini tana lallashi, ta cafe Ayashe a hammata, ƙafafun yarinyar na taɓa ruwa. Ayashe ta yi ɗan kuka, sannan ta kama ɗankwalin auta tana ja. Ni kuwa a kan yashi na zube. Mai jirgi ya tsamo jakar daga laka, ya tsinto majanyin ya miƙo mini, ya ce, “Baiwar Allah, wanga majanyi ya gaji.” Ya yage tun daga baki har kusan tsakiya. Allah ya sa rikodar da kyamarar a cikin leda suke. Sauran hanyar auta ce ta saɓa yarinyar a kafaɗa, ni ina biye da yagaggen majanyi a hannu, ban san me zan yi da bayana ba.

La'asar muka iske Kaka a gindin ɗorawar ƙofar gida tana ɓarar gyaɗa. Idonta ya yi rauni, da hannu take gane mutane. Ta shafa fuskar auta ta ce, “Wagga mai warin takarda, har yau ba a samu mai kwasar ki ba?” Ta shafa tawa ta ce na rame kamar ni ake yayewa. Da aka ba ta labarin gulbi sai ta karɓi majanyin ta bi shi da yatsu har ta kai wurin yagewar. “Wurin ɗinkina na da,” ta ce.

Auta ta roƙi izinin yin aikinta ko da ba za a ba ta majanyin ba. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma, ta sa farar safar hannu, ta kwantar da majanyin a hankali kamar mai kwantar da jariri. Ta auna shi da abin awo irin na tela, ta ɗauki hotonsa gaba da baya. Da aka gaya wa Kaka zancen safar sai ta riƙe baki. “Abin da ɗiya sunka yi ma fitsari shekara da shekaru, shi anka sa ma safa? Boko dai da saura.”

Sannan aka kunna rikoda. Auta ta gargaɗe ni tun farko cewa ƙa'idar aikinsu ba a katse mai ba da labari, ba a kuma ɗaukar mai daɗi a bar mai ɗaci. Ta ce, “Kaka, ki faɗa mini waɗanda aka goya da shi. Duka, har waɗanda ba mu sani ba.”

Kaka ta fara da ƙananan 'yan uwanta. Ta zo kan Inna, da Gwaggo, da Kawu. Sai ta ambaci wata yarinya da ban taɓa jin sunanta ba, ta ce, “Allah shi jiƙanta.” Ta ambaci wani, ta sake faɗin haka. Na ɗago kai na dubi auta, ta yi mini alama in yi shiru. Kaka kuwa, hannunta na kan majanyin, ta ce akwai na farinta, wanda Inna ke bi. Zazzaɓi ya kama shi tsakiyar damina, ta goya shi ta nufi Gummi neman magani. Ta iske gulbi ya cika, babu mai jirgin da zai shiga. Tana tsaye a bakin ruwa tana jira ta ji bayanta ya yi sanyi. Ba ta kwance shi ba. Haka ta juyo da shi a goye, mutane na gaishe ta a hanya suna cewa ya ɗan yaro, tana cewa lafiya lau, har ta kai gida.

“Ban taɓa hwaɗin sunan shi ba,” in ji Kaka. “Ɗan fari na. Amma tunda kin ce akwatin ga ba shi mantuwa, matso da shi.” Auta ta matsar da rikodar. Kaka ta sunkuya ta faɗi sunan a hankali.

A nan na karya ƙa'ida. Na ce, “Kaka, ai an ce ba a taɓa goya yaro da shi ya mutu ba.”

“Masu rai ka hwaɗin hakanan, ɗiyata. Waɗanda sunka tahi ba su da bakin musu. Ni kuwa ban ga amfanin tsorata mai jego ba, sai na ƙyale.” Ta lalubo gwiwata ta dafa. “Zare na. Gabana Innata ta kaɗa shi. Riƙo shika yi, ba shi rayawa. Naki ma, ko da shina bayanki cikin wanga majanyi, ranar shi ta ranar shi.”

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Shekara da shekaru ina kwana ina tashi da cewa da majanyin ya iso da wuri, da yanzu yarona yana gudu a tsakar gida. Ko 'yar uwar tamu ta Adabka ban ƙara yi mata gaisuwar kirki ba. Kaka ta bar ni na yi mai isata, auta ta kashe rikodar, Ayashe kuwa tana can tana kwashe gyaɗar Kaka tana zubarwa.

Da muka zo kan hukunci, Kaka ta ƙi yanke shi. Ta ce ita ta gama da majanyi tun tuni, na mai goyo ne. In ina so ta ɗinke mini, hannunta ya san hanya ko babu ido. Auta ta cire safarta ta ce, “Yaya, in kin ce a'a, da koren akushi zan tafi, in yi musu bayani. Wallahi ba zan riƙe ki a zuciya ba.” Na san gaskiya take faɗa, na kuma san shekarun da ta yi tana wahalar karatun nan. Haka muka kwana ba a yanke hukunci ba.

Da safe na ɗauki majanyin da sabulu na nufi bakin rijiya. Ina cikin jan guga sai ga auta a guje, ko takalmi babu.

“Yaya! Me za ki yi?”

“Wanki. In bar ki ki kai shi jami'a da dauɗa, a ce...” Sai na ji muryar Gwaggo a bakina. Muka dubi juna, muka fashe da dariya. Tana cikin dariyar ta gane abin da na ce, ta tsaya, idonta ya kawo ruwa.

“Kin ba ni?”

“Na ba ki. Amma ki bari a ɗinke yagewar.”

Ta ce a'a. Ta nuna mini tabon koko a gefe, da bakin jan zaren da Ayashe ta tattaune lokacin haƙori, da ɗinkin Kaka na da, da yagewar jiya. Ta ce duk a bar su, za ta rubuta ranar da ya yage da wurin da ya yage, da yarinyar ƙarshe da ya riƙe.

Na ce to ina da sharaɗi ɗaya. Akwai wanda ya jira majanyin nan bai samu ba, ina so a sa shi cikin labarin. Auta ba ta tambaye ni ko wane ne ba. Ta koma ɗaki ta ɗauko rikodar, ta kunna, ta miƙo mini, ta juya baya ta tafi wurin Kaka. Kun san mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Yana raye ban kira ba don kunya, da ya tafi ban kira ba don ba na iyawa. A bakin rijiyar nan na kira shi, sau ɗaya, sunansa na yanka. Ba zan rubuta shi a nan ba. Yana cikin kaset, kusa da na ɗan Kaka.

Wajen dawowa auta ba ta ninke majanyin ba, ta ce ninki na karya tsohon zare. Nannaɗe shi ta yi a jikin karan dawa, ta rufe da farin ƙyalle. Kaka ta ba mu gyaɗa da daddawa, ta ce wa auta in malaman suna son tsohuwar da ta fi majanyin daɗewa, a zo a ɗauke ta, amma ita ba ta shiga gilashi. Na tsallake gulbi da Ayashe a ƙirji, auta na riƙe da gefen zanena. A kasuwar Gummi ta zaɓar mini sabon majanyi, mai kauri, yana warin shago. Ta ja shi iya ƙarfinta ta ga bai motsa ba kafin ta yarda. Ayashe ta yi ta mutsu-mutsu a ciki kamar an ba ta aron gida, kafin mu kai tasha ta yi barci.

Mota ɗaya ta kawo mu har Anka, ramukan nan dai suna nan inda muka bar su. La'asar sakaliya muka sauka, na goya yarinya muka taka zuwa gida. Inna na tsakar gida tana tankaɗe. Ta dubi abin da ke hannun auta, ta dubi bayana, ba ta tambayi hukuncin Kaka ba. Cewa ta yi, “Barci takai?”

Na ce, “Ban duba ba.”

Sai da na faɗa na ji abin da na faɗa. Tun daga tasha har gida hannuna bai je baya ba. Inna ta ajiye rariya ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in sauke ta a ɗaki, kada sauro ya cije ta.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Tsoro bai bar ni duka ba, har yanzu nakan taɓa, sai dai ba kamar da ba. Na gane karatun autarmu ba ajiye tsummoki ba ne kamar yadda muke tsokanarta. Da ba ta ce a faɗi duka ba, da Kaka ta tafi da sunan nan a cikinta, ni kuma da ina nan ina jin haushin baiwar Allah a Adabka. Na riga na aika mata da daddawar Kaka, in an kwashe dawa zan je da kaina.

Auta ta koma makaranta da majanyi a kan cinya. In Allah ya kai ɗayarku ɗakin tarihin jami'arsu, ta ga wani yagaggen majanyi baƙi da fari a cikin gilashi, da tabon koko a gefensa, namu ne. Ta yi wa yaran da ya riƙe addu'a, da wanda ya jira shi. Kada kuma ta dawo ta ce mutanen Anka ba su iya wanki ba. Hana mu aka yi.